Sankarar Bakin Mahaifa: Wa Zai Biya Kuɗin Magani?

A cikin Bishara ta Markus sura 5 akwai labarin wata mace da ta yi shekara 12 jini yana zubo mata. Mun saba jin wa'azi a kan bangaskiyarta, yadda ta kutsa cikin taro ta taɓa rigar Yesu ta warke. Amma Markus ya ambaci wani abu da ba mu cika tsayawa a kansa ba, wato maganar kuɗi. Matar nan ta zaga wurin masu magani har abin hannunta ya ƙare ƙaf, ciwon kuwa sai gaba yake yi.

Littafi Mai Tsarki bai faɗa mana sunan ciwonta ba. Amma a ƙasarmu yau akwai wani ciwon mata da yakan fara da zubar jini, ya ƙare da talauta gida duka. Sunansa sankarar bakin mahaifa. Waɗansu suna ce masa ciwon dajin bakin mahaifa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 kaɗai, mata wajen 12,000 suka kamu da shi a Nijeriya, wajen 8,000 kuma suka mutu. In aka raba, mace 22 ke nan kowace rana. Da yawa cikinsu iyayen yara ne, masu riƙe da gida.

A wannan wata za mu duba abin da maganin wannan ciwo yake ci, da abin da inshorar lafiya ta gwamnati take iya ɗauke wa iyali, da inda ta tsaya. Maigida, kada ka ce wannan shafin mata ne ka wuce. Ranar da ciwon ya shigo gida, kai za ka sayar da gona.

Mece ce sankarar bakin mahaifa?

Mahaifa tana da ƙofa a ƙasanta, ita ce takan buɗe ranar haihuwa jariri ya fito. Wannan ƙofa ake kira bakin mahaifa. Kusan dukan sankarar da ke kama wurin, wata ƙwayar cuta ce take jawo ta, wadda likitoci suke kira HPV. Wani likita Bajamushe mai suna Harald zur Hausen ne ya gano haka, har aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 2008. Ƙwayar tana da iri da yawa, amma iri biyu, lamba 16 da lamba 18, su suke jawo wajen kashi 70 cikin 100 na wannan ciwo.

Ana ɗaukar ƙwayar ta wurin saduwar namiji da mace. Ta yi yawa ƙwarai a duniya, har yawancin manya sukan ɗauke ta wani lokaci a rayuwarsu ba su sani ba. Ga mafi yawan mutane, jiki yakan kore ta da kansa. Amma ga waɗansu mata takan zauna, tana sāke fatar bakin mahaifa sannu a hankali. Daga zamanta zuwa sankara yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20. Ga macen da jikinta ba shi da ƙarfin yaƙi da cuta, kamar mai ƙanjamau da ba ta shan magani, shekara 5 zuwa 10 sun isa. Mata masu ɗauke da ƙwayar ƙanjamau sun fi sauran mata haɗarin kamuwa har sau 6.

A riƙe waɗannan shekaru a zuciya, gama dukan maganar kuɗin a kansu take. Ciwo ne mai ba da lokaci mai tsawo. Cikin lokacin nan ana iya tare shi da kuɗi kaɗan.

Kada kuma kowa ya ɗora wa mai wannan ciwo laifi. Mace tana iya zama da miji ɗaya tun ƙuruciya har tsufa, ta ɗauki ƙwayar daga wurinsa, shi ma ya ɗauko ta tun kafin aure bai sani ba. Ba sammu ba ne, ba kuwa jifa. Da almajirai suka ga makahon nan cikin Yohanna sura 9, sai suka shiga neman wanda ya yi zunubi. Ubangiji ya kawar da zancen, ya warkar da mutumin. Haka ya kamata mu yi.

Alamun da ba a zama da su

Da fari ciwon ba ya nuna kansa. Ba zafi, ba jini, mace tana aikinta lafiya lau. In ya fara girma sai a ga waɗannan: jini a tsakanin al'ada da al'ada, jini bayan saduwa da maigida, jini bayan mace ta riga ta daina al'ada, ko ruwa mai wari da ba ya yankewa. In ya yi nisa akan sami ciwon baya da na mara, kumburin ƙafa, rama, da wahalar fitsari.

Waɗansu cututtuka ma sukan kawo irin alamun nan, saboda haka ganinsu bai nuna lalle sankara ce ba. Likita ne zai bambanta. Amma mata da yawa sukan ɓoye saboda kunya. Wata ta yi ta wanke tsumma a ɓoye wata da watanni. Wata ta sayi ƙwayoyi a kemis, ta sha saiwa, ta yi turare. Kafin a kai ta asibiti, an kashe kuɗi da yawa a banza, ciwon kuma ya riga ya kafu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Yadda kuɗin yake hawa

Kowane magidanci ya san bambancin yin yaɓe kafin damina da sāke ginin ɗakin da ya faɗi. Haka kuɗin wannan ciwo yake. Yana da hawa huɗu, kowane hawa ya fi na bayansa tsada nesa ba kusa ba.

Hawa na 1 shi ne allurar rigakafi. A ran 24 ga Oktoba 2023 gwamnatin Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar HPV kyauta. An fara da waɗansu jihohi, aka kai ga sauran a watan Mayu 2024. Allura ɗaya ake yi. Tana tare iri huɗu na ƙwayar, har da lamba 16 da 18. Ana yi wa yara tun suna ƙanana ne domin allurar ta fi aiki kafin mutum ya taɓa gamuwa da ƙwayar. Akwai masu yaɗa jita-jita cewa tana hana haihuwa. Ba gaskiya ba ne. Ostireliya ta fara ba da ita tun 2007, Ingila a 2008, Ruwanda a 2011, 'yan matan da aka yi wa kuwa sun girma suna haihuwa. Wani bincike da aka buga a 2021 ya nuna cewa a Ingila, cikin waɗanda aka yi wa allurar suna da shekara 12 ko 13, ciwon ya ragu da kashi 87 cikin 100. A wannan hawa abin da iyali zai kashe shi ne tafiya zuwa ɗakin shan magani.

Hawa na 2 shi ne gwaji tun mace tana jin kanta lafiya. Akwai hanya mai sauƙi inda nas ko ungozoma takan shafa ruwan tsami da ake kira binega a bakin mahaifa. In akwai wurin da ya fara sākewa, sai ya yi fari. Akwai kuma gwajin da ake neman ƙwayar HPV kanta. In an ga wurin da ya fara lalacewa, akan kashe shi da wata 'yar na'ura mai zafi ko mai sanyi cikin mintoci kaɗan, ba sai an kwantar da mace ba. Sau da yawa ana yin gwajin da maganin a rana ɗaya, ta koma gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara mata su fara gwaji daga shekara 30, masu ƙanjamau kuma daga shekara 25. In babu hali, ko sau biyu ne a rayuwa, kafin shekara 35 da kuma kafin 45, yana ceton rai. Kuɗin wannan hawa iyali na iya fitar da shi ba tare da sayar da kome ba, wani lokaci ma akan yi shi kyauta.

Hawa na 3 shi ne sa'ad da sankara ta riga ta kama amma ba ta wuce bakin mahaifa ba. A nan sai an yanki ɗan nama a kai ɗakin gwaji, a ɗauki hoto, a yi tiyata, sau da yawa a cire mahaifar gaba ɗaya. Akwai kuɗin gado, da na jini, da na magani. Yana da nauyi, amma yawancin matan da aka yi wa aiki a wannan hawa sukan warke su ci gaba da renon 'ya'yansu.

Hawa na 4 shi ne sa'ad da ciwon ya bazu zuwa gefe. Tiyata ba ta isa ba. Sai an yi gashi, wato a haska wurin da wani haske mai ƙarfi daga na'ura, wanda ido ba ya gani amma yana kashe sankara. Akan yi shi kullum, Litinin zuwa Jumma'a, har wajen mako 5. Kowane mako kuma akan sa wani magani mai ƙarfi cikin ƙarin ruwa. Bayan haka sai a yi wani gashin daga ciki. Likitoci suna son a gama duka cikin mako 8, gama in aka tsaya a tsakiya saboda kuɗi sun yanke, ciwon yakan sāke samun ƙarfi. Kuɗin wannan hawa yakan kai miliyoyin naira. A tuna, mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne a wata. Naira miliyan 1 kaɗai ta fi albashin wata 14 na irin wannan ma'aikaci, ko da bai ci bai sha ba. Abin baƙin ciki, yawancin matanmu a wannan hawa suke isa asibiti.

Kuɗin da ba ya cikin rasit

Na'urar gashi ba a kowane gari take ba. A arewa, sanannun wuraren da ake zuwa sun haɗa da asibitocin koyarwa na Zariya da Sakkwato, da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. A 2025 kuma an buɗe sabuwar cibiyar sankara a Katsina. Masu jiran layi suna da yawa, na'ura kuma in ta lalace sai a tura mutum wani gari. Macen da ta fito daga ƙauye sai ta yi wata biyu a garin da ba ta san kowa ba. Dole wani ya bi ta ya yi jinya. Akwai kuɗin mota, da na masauki, da na abincin mutum biyu. A gida kuma sana'arta ta tsaya. In damina ce, gona ta sha ciyawa. Sau da yawa akan cire babbar 'ya daga makaranta ta riƙe ƙannenta.

A Nijeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye, ranar da ciwo ya zo. Shi ya sa ake fara sayar da awaki, a bi da hatsin rumbu, a jinginar da gona, a ci bashi. Wani gida yakan rasa uwa ya kuma rasa abin dogaro a shekara ɗaya.

Mece ce inshora?

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu, suna ne kawai sabo. Mun san adashi, mun san gayya. Inshorar lafiya ita ce mutane da yawa su riƙa zuba kuɗi kaɗan kaɗan a asusu ɗaya tun suna lafiya, wanda ciwo ya kama sai a yi masa magani daga ciki. Ga misali: a ce mutum 1,000 kowa yana zuba naira 1,000 a wata. A shekara an tara naira miliyan 12. Ba dukansu za su kwanta a shekarar ba. Abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, bai fi ƙarfin dubu ba. Bambancinta da adashi shi ne, ba a kwasa bi da bi. In shekara ta ƙare ba ka yi ciwo ba, kuɗinka ya yi wa wani magani, kai kuma ka gode wa Allah da lafiya.

A 1999 aka yi dokar inshorar lafiya ta ƙasa, aka fara aiki da ita a 2005 da sunan NHIS. Da fari ma'aikatan gwamnatin tarayya ne suka fi cin moriyarta. Bisa ga tsarin da aka rubuta tun farko, mai ba da aiki yakan sa kashi 10 cikin 100 na tushen albashi, ma'aikaci ya sa kashi 5. Katin yana ɗaukar ma'aikaci, da matarsa ko mijinta, da 'ya'ya 4 waɗanda ba su kai shekara 18 ba.

A watan Mayu 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka. Hukumar ta koma NHIA, aka kuma ce inshorar lafiya ta zama dole ga kowane mazaunin ƙasa. Jihohi ma suna da nasu hukumomin, kamar KADCHMA a Kaduna, da PLASCHEMA a Filato, da KSCHMA a Kano. Manomi da ɗan kasuwa da mai ɗinki, waɗanda ba su da albashi, suna iya shiga ta hukumar jiharsu, ko ta wani shiri na tarayya da ake kira GIFSHIP, inda mutum ɗaya, ko iyali, ko ƙungiya, za su biya na shekara. Ga matalauta kuma, dokar lafiya ta 2014 ta keɓe aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin lafiya a matakin farko, daga ciki ake yi wa waɗansu marasa hali rajista kyauta.

Duk da haka, har zuwa 2024 masu inshora ba su kai mutum 1 cikin 10 ba a ƙasar. Doka ta ce dole, amma ba wanda zai kawo maka kati har gida.

Me take biya, ina ta tsaya?

Gara a faɗi gaskiya tun yanzu, kada wani ya yi rajista yana tsammani an ɗauke masa kome. Inshora tana da ƙarfi a ƙananan hawa. Mai kati yana ganin likita ba tare da ya biya a ranar ba. Gwaje-gwaje na yau da kullum, da kwanciya asibiti na waɗansu kwanaki, da tiyata iri iri suna ciki. A tsarin ma'aikata, mai ciwo yakan biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magungunan da ke cikin jerin hukuma. Amfanin wannan ga uwargida babba ne. Ranar da ta fara ganin jini ba za ta tsaya jiran a sayar da gyaɗa ba. Za ta ɗauki katinta ta tafi.

A hawa na 4 kuwa, ƙarfin inshora yakan ragu. Hotuna masu tsada irin su CT da MRI akan raba kuɗinsu tsakanin inshora da mai ciwo. Gashi da manyan magungunan sankara, wani sashe ne kawai akan ɗauka, abin da ake ɗauka kuma ya bambanta daga shiri zuwa shiri, daga jiha zuwa jiha. Kuɗin mota da masauki da abinci ba sa ciki sam. Saboda haka kafin ka biya, ka zauna da ma'aikacin ka tambaye shi dalla dalla: gwajin bakin mahaifa yana ciki? Tiyata fa? Gashi fa, kashi nawa? Ka roƙa a nuna maka a rubuce.

Akwai kuma ƙa'idodi da rashin saninsu yakan jawo hasara. Na ɗaya, kati ba ya fara aiki ranar da aka biya, akwai lokacin jira. Wanda ya bari sai ciwo ya kwantar da matarsa sa'an nan ya ruga rajista, ya makara. Na biyu, ana farawa ne daga asibitin da ka zaɓa ranar rajista. Su za su rubuta takardar tura ka babban asibiti, a kuma karɓo lambar izini daga masu kula da inshorar. Wanda ya tsallake ya tafi babban asibiti kai tsaye, mai yiwuwa a ce ya biya da kansa. Na uku, a sabunta kati kafin ya ƙare. Na huɗu, a adana kowace takarda da kowane rasit a jaka ɗaya.

Asusun masu sankara

In ciwon ya riga ya yi nisa, iyali kuma ba su da hali, akwai wata ƙofa. A 2021 gwamnatin tarayya ta fara wani asusu na musamman domin marasa hali masu fama da sankarar mama, da ta bakin mahaifa, da ta mafitsarar maza. An fara shi a asibitoci 6, ɗaya a kowace shiyya: asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, na tarayya a Gombe, Babban Asibitin Ƙasa a Abuja, da na Ibadan, Benin da Inugu. Ba a ba mutum kuɗi a hannu. Likitan da ke duba mai ciwo da ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin su suke bincika halin iyalin, in an amince sai a biya wa mai ciwo magani. Masu nema sun fi kuɗin yawa, ba kowa yake samu ba. Amma wanda bai tambaya ba, bai ma shiga layi ba.

'Yan'uwanmu masu karatu a Gana, ku ma ku lura. Inshorar lafiya ta ƙasarku, wadda aka yi dokarta a 2003, ta sa maganin sankarar mama da ta bakin mahaifa cikin abin da take ɗauka. Amma sai kati yana da rai, tafiya Akara ko Kumasi domin gashi kuma tana nan a wuyan iyali.

Ko rashin bangaskiya ne?

Waɗansu masu bi sukan ce yin inshora kamar kiran ciwo ne, ko kuwa rashin dogara ga Allah. Bari mu duba. Cikin Farawa sura 41, Allah ne ya nuna wa Yusufu yunwar da take zuwa. Yusufu bai naɗe hannu ba. Ya tara kashi 1 cikin 5 na amfanin gona a shekarun ƙoshi, da haka aka ceci Masar da gidan Yakubu. Tanadin nan daga wurin Allah ya fito. Manzo Bulus kuma ya koya wa Galatiyawa su riƙa taya juna ɗaukar kaya masu nauyi. Sa'ad da ka zuba kuɗinka a asusu shekara ta wuce ba ka kwanta ba, ka taya wani ɗaukar kaya ke nan, ko da ba ka san fuskarsa ba.

Muna gaskata Allah yana warkarwa. Muna yi wa marasa lafiya addu'a, za mu kuwa ci gaba. Amma Luka da ya rubuta Bishara likita ne, Bulus kuma bai ce ya bar aikinsa ba. Duk mai cewa mace ta bar asibiti ta zauna a gidan addu'a jini yana zuba, yana cinye mata lokacin da Allah ya ba ta. A yi addu'a a kan hanyar asibiti, a yi a bakin gado.

Ga maigida

A yawancin gidajenmu mace ba ta fita asibiti sai da izinin miji, kuɗin ma a hannunsa yake. Wannan ya sa ranta, a wani fanni, yana hannunka. Ka tambaye ta lafiyarta a keɓe, da murya mai taushi, gama ba za ta fara faɗa ba. In ta kai shekara 30, kai ka ce mata ta je gwaji, ka ba ta kuɗin mota, in da hali ka raka ta. In tana jin nauyin likita namiji, a nemi nas mace. In kana da kati ta wurin aiki, ka tabbata sunanta da hotonta suna ciki. In ba ka da shi, ka sa kuɗin rajista cikin lissafin kaka, kusa da kuɗin makaranta da na taki. Ka kai 'ya'yanka mata allura. Ka kuma riƙe alkawarin da ka yi a gaban bagade, gama amincin miji kariya ne ga jikin matarsa.

In kuwa ciwon ya riga ya zo, kada ka mai da ita gidan iyayenta, kada ka ƙaurace mata saboda wari. Ba a ɗaukar sankara ta wurin cin abinci tare ko wanke mata kaya. Ko a inda likita ya ce warkewa ta yi wuya, akwai magungunan da ke kwantar da zafi ƙwarai. Ka nema mata. Bai kamata kowace mace ta ƙare kwanakinta cikin kuka ba.

Ga ikilisiya

Mun iya tara gudummawa in an yi rasuwa. Mukan sayi akwati, mu dafa abinci, mu ɗinka anko. Da za a tara rabin wannan tun mutum yana da rai, da waɗansu jana'izai ba a yi su ba tukuna.

Zumuntar mata tana da ƙarfin da babu wata ƙungiya a ƙauye da take da shi. Suna taruwa kowane mako, suna da shugabanni, suna da littafin kuɗi. Za su iya gayyatar nas ta yi musu bayani. Za su iya shirya rana ɗaya su tafi gwaji tare, gama kunya takan ragu in ana da yawa. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Uwar zumunta da matar fasto su fara shiga, sauran za su bi. A kuma gayyaci maƙwabta waɗanda ba na ikilisiya ba, ciwon nan bai san addini ba.

Dattawa kuma za su iya aika mutum biyu ofishin hukumar inshora ta jiha su ji yadda ake rajistar ƙungiya. Za a iya keɓe baiko na Lahadi ɗaya a shekara domin biya wa gwauraye da marayu kati. Za a iya ajiye ɗan asusu domin abin da inshora ba ta biya, wato mota da abinci. Ikilisiyoyin da ke garuruwa masu manyan asibitoci, ku tuna da baƙin da ke kwana a barandar asibiti. Ɗaki ɗaya a harabar majami'a da kwanon tuwo da yamma za su iya sa wata ta ƙarasa makonninta 8.

A watan Nuwamba 2020 ƙasashen duniya sun ɗauki niyyar kawar da wannan ciwo. Sun sa wa kansu buri zuwa 2030: a yi wa kashi 90 cikin 100 na 'yan mata allura kafin shekara 15, a gwada kashi 70 na mata, a yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da ciwon magani. Wannan lissafi ba a Janiba za a cika shi ba. Gida gida za a cika shi.

Saboda haka a daren yau, bayan addu'ar iyali, maigida da uwargida ku zauna ku amsa tambayoyi uku. 'Yan matan gidan nan sun sami allura? Mama ta taɓa yin gwaji? Muna da kati mai rai? In amsar ɗaya a'a ce, ku sa ranar da za ku gyara kafin watan nan ya ƙare. Ubangiji ya ba mu hikima, ya kiyaye iyayenmu mata, ya kuma ta'azantar da waɗanda suke kwance. Amin.